Jar Rigar Kamfani

Namche, Litinin

Zuwa ga Yayata Dilmaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Inna da 'yan matanki biyu. Yaya tarin Inna? Malama Sushila, ke da za ki karanta mata wasiƙar nan, ina gaishe ki. Kada ki tsallake min ko kalma ɗaya, na san halinki.

Mun iso Namche, mu takwas 'yan dako, da baƙi goma sha biyu masu son ganin gindin Sagarmatha, dutsen da ya fi kowanne tsawo a duniya. Mijinki Tekman yana nan yadda kika san shi. Ko tari ja-goranmu Lokendra ya yi, sai ya ce, "To, ranka ya daɗe." Shekara ashirin da biyu igiyar kwando tana cin goshinsa har ta yi masa kwari, amma ko sunansa ba ya ganewa a takarda. Jiya aka ɗora masa jakar wata Baturiya a kan nasa kayan, wai har godiya ya yi! Na ce, "Yaya Tekman, shanun dutsen nan ma suna tirjewa, kai fa?" Ya ce, "Malam Birkha, karanto mana gwangwanin kifi mu ji labarin duniya." Kowa ya kwashe da dariya.

To, a jikin gwangwani na koyi karatu, na ji. Karatun ne kuma zai fitar da ni daga ƙarƙashin kwando. Lokendra ya ga ina karanta allunan hanya, ya ce in na kai gindin dutsen lafiya, baɗi ni ne mataimakinsa.

An ba kowa aron jar rigar sanyi ta kamfani, ban da ni. Wai bakwai suka kawo, ni ne sabo.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Birkha

Lobuche, Asabar

Yaya Dilmaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna da yara, da fatan sanyi bai matsa muku ba.

Kada hankalinki ya tashi. Ciwon tudu, wanda ƙarancin iska a can sama ke kawowa, ya kama Tekman tun kwana uku, ya ɓoye kamar yadda duk suke yi, don wanda ya ce kansa na ciwo an sallame shi ke nan. Sai ya ƙara tamke igiyar da kika saƙa masa a goshi, yana ta ɗirkar miyar tafarnuwa wai magani. Yau da safe ya tashi yana tangaɗi kamar mashayi, leɓɓansa sun yi baƙi, ƙirjinsa na ƙugi kamar tukunya a wuta.

Shekaranjiya wani baƙo ya yi ɗan ciwon kai, aka sauko da shi a kan doki, mutum biyu na riƙe da shi. Tekman kuwa takarda aka kawo masa. Lokendra ya rubuta da Turanci cewa lafiyar Tekman ƙalau, shi ya ga dama ya ajiye aiki. Tekman ya juyo ya ce, "Malam Birkha, me ta ce?" Lokendra yana kallona. Na ce, "Cewa ta yi ka sauka ka huta." Ya dangwala babban yatsa.

Kowa a hanyar nan ya san mai wannan ciwo ba ya sauka shi kaɗai. Amma Lokendra ya ce duk wanda ya raka shi kada ya dawo. Duk suka zuba min ido, wai ni ne ɗan uwansa. Raina ya ɓaci. Shi ya ɓoye ciwonsa, ni zan rasa rabona? Na ce, "Shekara ashirin da biyu, ai ka san hanya."

Jar rigar da ke jikinsa ta kamfani ce, don haka aka tuɓe masa aka miƙo min. Shi da kansa ya ja min zif ɗin har wuya, ya ce, "Can sama iska ba ta da mutunci, ƙanina."

Akwai likita a Pheriche, gangara ce kawai. Zai kai.

Ƙaninki,
Birkha

Pheriche, Laraba

Yaya,

Ina gaishe ki. Ba zan tambayi lafiyarki ba, na san labari ya riga wasiƙata isowa.

Na ga gindin dutsen. Tarin duwatsu ne da tantuna. Baƙi suka ɗauki hoto, suka ce sanyi, muka juyo.

Bai kai ba, Yaya. Ƙanƙara ta sauko da tsakar rana. Masu shanu suka same shi a kan tudun nan da ake jera duwatsun tunawa da mahaya dutse da suka rasu, zaune, ya jingina da na wani Bature, daga shi sai tsohuwar rigarsa ta gida. Lokacin da muke hawa ni na karanta masa sunan Baturen, ya ce, "Wannan ya more, har yanzu ana kiransa." Shi a bakin kogi muka binne shi, babu allo.

Jiya hukuma ta zo. Lokendra ya nuna takardar, aka tambayi wanda ya karanta wa mamacin. Na ce ni ne. Aka ce daidai na karanta masa? Na ce daidai. Wannan bakin nawa da bai bar kowa ba, abin da ya iya faɗa ke nan. Lokendra ya dafa kafaɗata ya ce aikin baɗi nawa ne.

Ga igiyar goshinsa nan tare da wasiƙar. Kada ki yafe min, kada kuma ki bar Inna ta roƙe ki.

Rigar tana jikina, sai mun isa Lukla, ƙarshen tafiyarmu, zan mayar. A aljihunta na tarar da tafarnuwa uku da ya ɓare bai ci ba. Tana da ɗumi, Yaya. Ko kaɗan iska ba ta ratsa ta.

Malama Sushila, ki karanta mata wannan layin na ɗumin rigar sau biyu.

Ƙaninki, in har kin bar min sunan,
Birkha