Tagar rufin da na liƙe

Burgas, 9 ga Mayu

Zuwa ga yayata Nedyalka,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan ku da mijinki da 'yarki, amaryarmu Radostina, kuna lafiya. Yaya hidimar biki?

Yaya, na yi ɓarna. Kin tuna a lokacin kaka, kafin hunturu, da Baba ya kwanta asibiti, ni na je bakin teku na rufe tirelar kwanansa, ɗan ɗakin nan da ake ja da mota. Kin san al'adarsa: ya jingine katifu, ya ajiye kwanukan gishiri su sha danshi, ya bar tagar rufi a ɗan buɗe. Ni kuwa mai ilimi na ce wannan tsohon yayi ne. Na liƙe kowace kafa da salatif, na naɗe tirelar da tampol kamar gawa. Da ya tambaye ni a waya ko na bar tagar, na ce masa e.

Jiya na buɗe. Duk hunturu bango gumi yake yi, ruwa na ɗiga daga rufi, ba inda zai fita. Katifu sun yi baƙi da fumfuna. Wannan duk mai sauƙi ne. Gadulkarsa, gogen da ya gada wurin Kaka, tana ƙarƙashin gado, ban ma duba ba. Gam ya saki, fuskarta ta ɗaga, katakon ya murɗe. Mai gyara ya ce za ta haɗu, amma muryar ba za ta dawo ba.

Wata shida ke nan yana matsa ƙwallon roba don yatsunsa su warke ya kaɗa wa Radostina ranar aurenta. Kada ki faɗa masa, ni zan je.

Ƙaninki,
Dobrin

Burgas, 13 ga Mayu

Yaya,

Ina fatan kin samu waccan, kuma kuna lafiya.

Na je ƙauye na kai wa Baba gadulkar. Na so ya zage ni, wallahi da na samu sauƙi. Ya ɗora ta a cinya, ya daɗe yana goge ta da hannun rigarsa, sannan ya zuba mini miyar wake ya ce in ci.

Da zan tafi ya rako ni ƙofa. Ya ce tun ranar wayar ya ji a muryata ban bar tagar ba. Ya ɗauki waya sau biyu zai aike ki ki je ki duba, sai ya ajiye, don bai so ki san ɗansa ya yi masa ƙarya.

Ki gaida Radostina. Ki ce mata kakanta zai zo, zai zauna ya saurara.

Ƙaninki,
Dobrin