Ƙullin Jar Waya

Lafia, Talata

Maman Muhibbat,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ya jikin Inna? Na ba Iorchia direba wasiƙar nan ya kawo miki Obi, don maganar ba ta faɗa a waya ba ce, mu huɗu ne a ɗaki.

Na gaji, Zuwaira. Shekara goma sha biyu ina wayarin ɗin lantarki a gidajen mutane, yau ga ni a benci da sa'annin ƙannena saboda takardar difloma. Lissafi dai na daure. Amma ranar Litinin za mu yi jarrabawar aikin hannu, kowa da allonsa da wayoyinsa, kuma babu mai ɗaura min ƙulli a jar waya kamar yadda kike yi kafin in fita aiki. Kin san idona. Jar waya mai ɗauke da wuta da koriya ta athin, mai kare mutum daga jan wuta, duk launi ɗaya nake ganin su.

Doofan, 'yar ajinmu, ta gano ni. Ta ce, "Oga Ya'akubu, ba wahala, ni zai sa maka alama da biro." Idan na faɗi, sai na maimaita shekara. Ina jin zan yarda.

Ki gaida Inna.
Mijinki, Ya'akubu

Obi, Alhamis

Baban Muhibbat,

Wa'alaikumus salam. Inna da sauƙi, har ta fara faɗa.

To, ka samu wata mai ƙullin ke nan, ni na huta. Sai dai akwai abin da na ɓoye maka shekara biyu. Ranar da ka je aikin gidan Ortese a Kwandere, Muhibbat na zazzaɓi, na manta ban ɗaura ba. Ka dawo kana fara'a, na kasa buɗe baki. Tun ranar, duk sanda aka ce wuta ta ja wani, sai na tambaya a wane gari ne. Ortese 'ya'yansa huɗu fa.

Ni ma na gaji, wallahi. Ka faɗa wa malaminku gaskiya, ya koya maka yadda za ka yi ba da ni ba.

Allah ya ba ka sa'a.
Matarka, Zuwairatu

Lafia, Laraba

Maman Muhibbat,

Gaisuwa mai yawa. Na faɗa masa. Ya ba ni mitar gwada wuta, ya ce in gwada kowace waya kafin in ɗaura. Lokaci ya ƙare ina rabin allo. Zan maimaita shekara.

Jiya na je Kwandere da mitar. Soket ɗaya ne, a ɗakin yaran, wuta na zaune a ramin athin. Kabad ce ta tare shi shekara biyu, kuma Ortese ya ce ranar Asabar za su janye ta su sa firji. Da sun sa, duk wanda ya taɓa firjin wuta za ta ja shi.

Na gyara. Ki yi barci, Zuwaira.

Ya'akubu