Kiran Kurwa da Tsakar Rana

Catemaco, 9 ga Maris

Zuwa ga Yayata Hermelinda,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Don Eulalio da yara. Mu nan lafiya lau, ƙafar Mama ma ta yi sauƙi.

Bayan haka, masu shirya fim sun zo daga babban birni, kuma sun ɗauke ni aiki. Fim ne na ban tsoro a kan caneke, 'yan aljanun rafin nan masu ɗauke kurwar yaro idan ya firgita. Aikina in rubuta duk abin da aka ɗauka: wace riga aka sa, da wane hannu aka riƙe kyandir. Kin ga littattafan nan ashirin da bakwai da nake rubuta kwanakina a ciki, waɗanda kike yi mini dariya a kansu, yau sun yi rana.

Ni na kai su wurin Mama, tunda ba wanda ya kai ta sanin kiran kurwa a garin nan. Za su ari mayafinta da tsakar gidanmu, su sa sunanta a fim. Ta dube su sama da ƙasa ta ce, "Waɗannan sun ci abinci kuwa?" Sai ta ɗora tukunyar baƙin wake.

Amma Yaya, jiya na karanta shafi na sittin da ɗaya na labarin fim ɗin. Mai kiran kurwar tasu tsohuwa ce mai jajayen idanu, tana yanka baƙar kaza cikin duhu tana kururuwa. Da mayafin Mama, da sunan Mama a ƙasa. Shekara hamsin tana wannan aiki ba a taɓa ce mata mayya ba. Ina tsoron ni zan jawo mata. Ko dai ni ne nake zuzuta abin?

Ƙaninki,
Fidencio

Catemaco, 21 ga Maris

Yayata Hermelinda,

Ina gaishe ki da kyau, tare da fatan tarin ƙaramar 'yarki ya tafi. Wasiƙarki ta iso. Kin ce in buɗe baki ko ki zo ki buɗe mini shi. To, na buɗe.

Sau uku na tunkari Don Leobardo, mai ba da umarni, sau uku na ƙare da tambayarsa ko yana son kofi. Ranar Talata da aka kawo kazar, sai na ji bakina ya ce, "Ranka ya daɗe, ba haka ake yi ba." Ya cire tabarau ya ce, "Ka ji magatakarda! Fidencio, gaskiya ba ta sayar da tikiti." Na ce ya ba ni minti goma da tsakar rana. Idan bai ji tsoro ba, ya yanka kazarsa, amma ya cire sunan uwata, ni ma in ajiye masa littafinsa.

Na gaya musu yadda na faɗa rafi ina ɗan shekara bakwai, na kwana tara ba ci ba magana. Ke ce kika riƙe ni a kan gado, kin tuna.

Don Leobardo ya yarda, muka ɗunguma gaba ɗaya. Sha biyu daidai Mama ta sauka bakin rafin da rigata a hannu, rana fayau, tsuntsaye na kuka. Ta daki ƙasa sau uku da reshe, ta ce a hankali, kamar mai tada jariri, "Taho, Fidencio, mu tafi gida. Abinci ya nuna. Kada ka zauna da su, ba danginka ba ne." Sai ta juya tana jan rigar a ƙasa tana kira. Na raɗa wa Don Leobardo cewa ba a waiwaye har a shiga gida, don ba kurwar yaron kaɗai ke biyo rigar ba.

Sai busasshen ganye ya fara motsi a bayanta. Chucho mai ɗaukar sauti ya fizge abin kunnensa ya ce, "Uwa Maryamu, wa ke bin ta?" Mama ba ta ko karkata wuya ba. Damo ne, Yaya, na ga wutsiyarsa, na kuma rubuta a littafi. Ban dai gaya wa kowa ba.

Da muka shiga gida, Don Leobardo ya ce, "A mayar wa mai kaza kazarta." Kwana biyu Mama tana koya wa 'yar wasan da za ta fito a matsayin mai kiran kurwa, tana ce mata, "'Yar nan, ɗanki kike kira, ba ɓarawo ba."

Naki,
Fidencio

Catemaco, 3 ga Nuwamba

Yayata abar ƙauna,

Gaisuwa da fatan kun yi bikin tunawa da matattu lafiya. Mun kai furanni kabarin Baba, na sa naki.

An nuna fim ɗin a silimar San Andrés, rabin garinmu ya cika mota biyu ya tafi. Ni ban kalli allo sosai ba, fuskokin mutane nake kallo, ina jira in ji wani ya ce mayya. Da aka zo wurin rafi, 'yar wasan na jan riga, ganye na motsi a bayanta, sai Doña Petrona mai sayar da kifi ta miƙe tsaye ta ce, "Kada ki waiwaya, 'yar nan! Kada ki kuskura!" Ɗakin duka ya ɗauka. Mahaucin nan Melquiades, mai cewa ba ya tsoron komai, ya rufe fuska da hula.

A ƙarshe sunanta ya fito: Doña Eufrosina Baxin, mai kiran kurwa. Aka yi ta tafi. Na tambaye ta yadda ta gani, ta ce, "Tana saurin jan rigar. Amma ba laifi." Nawa sunan ma ya fito can ƙasa, ƙanƙane. Na ƙirga, shi ne na tamanin da huɗu.

Na tsaya ina kallon allon har ya yi baƙi, ɗaki ya watse ban sani ba. Sai na ji muryarta daga ƙofa, ta ba ni baya: "Taho, Fidencio, mu tafi gida." Na ce, "Ga ni nan, Mama." Har muka kai mota ba ta waiwaya ba.

Ki gaida Don Eulalio da yara.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Fidencio Baxin