Layin da Ban Karanta wa Mahaifiyarki Ba

Valledupar, ranar Lahadi bayan an taso daga coci

Zuwa ga 'yata Yuranis,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mijinki Wilfrido da baƙon da Allah ya kawo mana. Barka da sauka lafiya, 'yata, barka da arziki. Allah ya raya shi, ya mayar miki da ƙarfin jikinki, ya kare ku daga sanyin Madrid da nake jin labari. Mu nan ƙalau muke. Gwiwata ta yi sauƙi, mangwaron tsakar gida ya yi 'ya'ya har reshe ɗaya ya karye, wanki Deiner kuma ya gama gyara motarsa, ta daina tari a kan hanya.

Tun ranar da hoton yaron ya shigo wayata ban zauna wuri ɗaya ba. Na nuna wa mahauci, na nuna wa Fada, limamin cocinmu, na nuna wa masu buga domino a gindin bishiya har suka ce in ban mayar da wayar aljihu ba za su sa ta a caca. Maƙwabciyarmu Doña Temilda ta ce goshina ne sak, mahaifiyarki ta ce Allah ya kiyaye, goshi ɗaya irin wannan ya ishi dangi. Da Deiner ya gaya mini kun sa masa Nicanor, kuma wai Wilfrido ne ya nace a kan sunan, sai na shiga bayan gida na zauna a kan turmi. Farin ciki ya cika ni, kunya kuma ta fi shi nauyi. Sau uku ina ɗaukar waya in gaya miki dalili, in na ji muryarki sai in koma tambayar nono da barci. Shi ya sa na ɗauki biro. Kin san hannuna ba ya sauri, da furfura na koyi rubutu a ajin yamma na manya, sai ki yi haƙuri da karkacewar layi.

Na san abin da ke ranki. Mahaifiyarki ta rasa jirgi, kin haihu babu ita a gefenki, kuma kin ɗora laifin a kan mijinki. Ta gaya miki a waya tana kuka cewa ba wanda ya faɗa mana lokacin zuwa filin jirgi. Ba ƙarya ta yi ba, ita ba a faɗa mata ba. Amma ni an faɗa mini.

Da Wilfrido ya sayi tikitin, ya turo mini saƙo mai tsawo, don ni ke karanta wa gidan nan komai. A ƙasan saƙon ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa kada mu ɗauki jirgin Valledupar zuwa Bogotá, babban birnin ƙasarmu, a matsayin ƙaramar tafiya. Ya ce tikitin ɗaya ne har Madrid, saboda haka tun a nan garin za a duba fasfo da takardar gayyata, a nan za a karɓi akwati a liƙa masa alamar Madrid, kuma suna rufe karɓar kaya tun jirgi bai yi shirin tashi ba. Ya ce mu je da awa uku a hannu. Na karanta wa mahaifiyarki rana da sunan jirgi da nauyin kaya, da na zo wannan layin sai na tsallake. A raina na ce yaro ne mai tsoro, ya daɗe a Turai ya manta filin jirginmu bai fi tashar mota ba. Ai na taɓa hawa jirgin Bogotá sau ɗaya, lokacin aikin idona, da jaka a kafaɗa na isa ana kiran mutane, na shige abina. Da wannan tafiya guda na mayar da kaina malami. Har mahaifiyarki ta tambaye ni ko saƙon ya ƙare, na ce sauran gaisuwa ce.

Akwai kuma wani dalili, shi ne ya fi ba ni kunya. Na riga na shirya mata sallama. Matata za ta ƙetare teku ta karɓi jikana na fari, na ga bai kamata ta fita gida shiru kamar mai gudun bashi ba. Na kira aminina Eusebio, ubanki na baftisma, ya zo da akodiyon ɗinsa, abin kiɗan nan da ake ja ana matsewa, da mai ganga. An ɗora tukunyar farfesun kaza da rogo da ayaba tun da hantsi. Unguwa ta cika ƙofar gida, kowa da ƙullin da za a kai wa nasa a Spain: wannan cuku, wancan gahawa, Doña Temilda har da silifa na ɗanta. Mahaifiyarki ta shirya tun safe, tana zaune da jakarta a cinya. Ta yi mini magana sau biyu, Deiner ma ya kaɗa makullin mota a gabana ya ce tsoho rana tana yi. Na ce masa ni da na hau jirgi da shi da bai hau ba wa ya san jirgi. Eusebio ya ƙirƙiro waƙa nan take don jaririn da ba a haifa ba tukuna, ni kuma na ja mahaifiyarki muka taka. Ta yi dariya, 'yata. Wannan dariyar ce nake tunawa in na kwanta.

Mun isa jirgin yana nan tsaye, muna hango shi ta gilashi. Yarinyar da ke kan tebur ta karɓi fasfo, ta dubi akwatin, ta ce an rufe karɓar kaya, kuma mai zuwa ƙasar waje sai an tantance takardunsa tukuna, lokacin hakan ya wuce. Na ce mata Bogotá kawai za ta yanzu, Madrid sai anjima. Ta ce baba, a wurinmu daga nan ta fara tafiya Madrid. Kusan kalmomin Wilfrido ke nan. Muna tsaye wani saurayi ya zo a guje da jakar goyo, Bogotá ce iyakarsa, ya nuna wayarsa ya wuce. Na ɗaga murya na nuna shi, na ce ga wanda ya zo bayanmu. Ta yi mini bayani a hankali, kamar yadda malamarmu ta ajin yamma ke yi wa wanda ya riƙe littafi a juye. Rabin unguwa sun biyo mu rakiya a motoci biyu, Eusebio da akodiyon a ƙirji. A gabansu muka juyo da akwati. A hanya har cuku ya fara wari.

Sauran kin sani. Ba a samu wani gurbi da wuri ba, naƙuda kuma ba ta jiran tikiti. Abin da ba ki sani ba shi ne, da yammar ranar Wilfrido ya kira ni. Na ɗauka zai tuna mini saƙonsa. Bai ambace shi ba. Ya tambayi jikin mahaifiyarki, ya ce kada in damu, zai nemi wata rana ya biya bambancin. Daga baya na ji kin yi masa faɗa, kin ce sakacinsa ne ya raba ki da uwarki a ranar da kika fi bukatarta. Saƙon yana cikin wayarsa, da ya so da ya nuna miki. Ya zaɓi ya sha zafinki a kan ki ji kunyar ubanki, sa'an nan ya ɗauki sunan uban ya ba ɗansa. Mahaifiyarki ta ce har yau in ta tambaye ki shi, sai ki canza magana. Wannan ne ya hana ni sukuni. An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ga shi ni ne na tsaga bangon gidanki da hannuna.

Shekaranjiya na zaunar da mahaifiyarki na karanta mata saƙon daga farko har ƙarshe. Ta ce ita dai ba ta je ajin yamma ba, amma ba ta san har da tsallake layi ake koyarwa ba. Ta ce da ta sani da ta bar ni da jahilcina, lokacin ina tambayar mutane. Daga nan ta tashi ta dama mini gahawa ba sukari, na shanye. Gaskiyarta ce. Matambayi ba ya ɓata, ni kuwa ƙaramin sani ya zame mini ƙuƙumi.

Ranar Laraba za ta sake fita, wannan takardar tana cikin jakar hannunta tare da fasfo. Ba kiɗa, ba tukunya, na mayar wa kowa ƙullinsa in ban da silifan Doña Temilda, don ta rantse ba za ta karɓa ba. Masu domino suna ta yi mini tsiya wai in tafi da tabarma tun Talata. Na ce su faɗi son ransu, Deiner ne mai agogo yanzu, duk lokacin da ya ce mu tashi ni ne farkon shiga mota.

Ba na neman ki yafe mini da wuri, ki yi fushinki, kin cancanta. Abu ɗaya nake roƙo. Kwana arba'in ɗinki ba su cika ba, mahaifiyarki na isa za ta dafa miki romon kaza kamar yadda kakarki ta yi mata. Na san na mai jego ne, amma kwanon farko ki zuba da hannunki ki miƙa wa Wilfrido. Ki ce masa kin ga layin.

Wanki Deiner da matarsa Marelvis suna gaishe ki, haka gwaggonki Ubaldina, da Eusebio wanda ya ce waƙar tana nan sai yaro ya zo. Ki gaishe mini da ɗana Wilfrido gaisuwa ta musamman. Ki shafa mini goshin takwarana, ki raɗa masa in ya fara karatu ya riƙa kaiwa ƙarshen shafi.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Nicanor Daza, wanda yanzu ake kira babba