Na yi sadaka da kwamfutar mijina, ashe asirin maƙwabciyata na ciki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, don girman Allah a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wata guda ke nan abinci ba ya wuce min da daɗi, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa a unguwarmu, domin duk wanda na tunkara, ko shi ko danginsa suna cikin maganar.

Ni a Garwa nake, wajen Rumde Ajiya. Mijina, Allah Ya jiƙansa, ya fi shekara ashirin yana da ɗan shagon buga takardu a ƙofar gidanmu. Kun san halin garin nan, mutum ya iya Hausa, ya iya Fillanci, ya iya juya kasuwa, amma da an ce takardar ofis sai da Faransanci shi ke nan ya zama kurma. To irin waɗannan su ke zuwa wajen Malam, su zauna a benci su zazzage masa cikinsu, shi kuma ya buga. Takardar neman aiki, ta ƙara, ta asibiti, ta rabuwar aure, ba wadda bai buga ba. Zurfin cikinsa har haushi yake ba ni. Ko ruwa na kai masa sai ya ja ƙyalle ya rufe fuskar kwamfutar, ni matarsa, wai amanar mutane ce.

Bara ya rasu. Ranar addu'ar bakwai wata dattijuwa maƙwabciyarmu, zan kira ta Goggo, ta ja ni bayan ɗaki. Ta ce shekarun baya Malam ya taɓa buga mata wata takarda a kan ɗan da ta raina, wanda duk unguwa, har shi kansa, sun san ita ta haife shi. A takardar an faɗi wadda ta haife shi, an kuma faɗi cewa ba da aure ba. Nata kwafin ta yaga tuntuni, amma Malam ya taɓa ce mata mashin ba ya mantuwa. Ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, ki rufa min asiri, ki ƙona abin da ke cikin mashin ɗin nan." Na ce mata ta kwantar da hankalinta, an gama.

Da na fita takaba aka zo rabon kayansa. Riguna da takalma aka bayar sadaka kamar yadda aka saba, sai yayansa Alhaji ya ce kwamfutar ta tsufa, 'yan jari-bola ne kawai za su saya su fasa ta, gara a kai wani waje a Pitowa inda ake koya wa 'yan mata ɗinki da buga takardu, ladan ya riƙa isa kabarin Malam. Wallahi zuciyata ta so hakan. Ni kuma da kambun iyawa, tunda ina latsa waya sai na ɗauka kwamfuta ma ƙanwarta ce, ban nemi kowa ba don kada wani ya ga abin da ke ciki. Na zauna da hantsi na kwashe duk takardun ɗaya bayan ɗaya na jefa a wannan ɗan kwandon sharar da ke gefen fuskar kwamfutar, na ga fuskar ta yi fes, na goge jikinta da tsumma, har turare na fesa mata. Na je na ce wa Goggo na ƙona, har da rantsuwa, ba ta ma nemi in rantse ba. Ranar da aka kai liman ya yi addu'a, aka ambaci sunan Malam a gaban jama'a.

Wata huɗu bayan nan Madam mai koyar da 'yan matan ta gayyace ni in ga abin arziki. Na hau mota ranar kasuwar Pitowa na je. 'Yan mata shida sun kewaye kwamfutar, ɗaya na bugawa da yatsa biyu. Madam mutuniyar kirki ce, ta rungume ni tana godiya, wai ba na'ura kaɗai muka ba su ba, har da dukiya. Ta ce ta leƙa kwandon sharar ta tarar da takardu fal, Faransancin Malam ko a ofishin gwamna sai haka, sai ta dawo da su, ta zaɓi masu kyau ta buga ta ɗinke su littafi, da shi ɗalibai ke koyon tsarin wasiƙa. Ashe abin da ka jefa a kwandon yana nan zaune sai ka zubar da shi. Ni ban taɓa sani ba.

Ta miƙo min littafin ina murmushin dole ina buɗawa. Sunayen mutanen da nake gaisawa da su kullum ne. A shafi na talatin da ɗaya na ga cikakken sunan Goggo, da unguwarmu, da sunan ɗan. A ranar, ɗaliban suna shafi na goma sha tara, kuma wasiƙa biyu suke yi a sati.

Na ce wa Madam ko za a cire sunaye. Ta yi dariya ta ce yaran nan waƙafi da sakin layi suke kallo, ba ruwansu da suna, sannan ta tambaye ni ko akwai wata takarda ta musamman da ke damuna. Na rufe littafin, domin in na nuna shafin ni da hannuna na tona. Har ta ƙara min da cewa ta tura wa wata ƙawarta mai irin wannan aji a Maruwa kwafin littafin. Na dawo na samu Alhaji na ce ina son a dawo da kwamfutar da littafin, ban faɗi dalili ba. Ya rufe ni da faɗa, ya ce a ina na taɓa jin an karɓe sadakar mamaci, so nake in tsinke wa ƙaninsa lada, ko kuwa sayarwa zan yi. Ranar na yi kuka kamar ranar rasuwar.

Tun daga nan, da hantsi ya yi ina tsakar gida sai in ji ƙarar bugun kwamfuta daga shagon, irin bugun Malam, da sauri sannan ya ɗan tsaya kamar yana sauraron mai magana. In buɗe ƙofa ba kowa, sai benci da shatin inda take a kan tebur. Na san ba aljani ba ne, zuciyata ce, amma sanin bai hana ni ji ba. Kunyar mamaci nake ji, abin da ban san ana ji ba.

Jiya Goggo ta shigo da goro da alewa. An sa ranar auren ɗan nata bayan Sallah, dangin yarinyar manoman auduga ne ta can hanyar Pitowa. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Ke za ki zauna kusa da ni ranar, uwar ango ta biyu. Tun da kika ƙona takardar nan nake barci."

'Yan uwa, yaya zan yi? In je in yage shafin a ɓoye, alhali yana cikin na'urar kuma ya kai Maruwa? In faɗa wa Madam gaskiya, in ƙara mutum ɗaya cikin waɗanda suka sani? In yi gaba da Alhaji in ƙwato sadakar, kowa ya tambayi dalili? Ko in durƙusa gaban Goggo in ce rantsuwar da na yi mata ba ta tabbata ba, tsohuwa mai hawan jini? Masu ilimin addini da masu sanin kwamfuta duk ina roƙonku ku yi magana, kada ku tsaya zagina, na riga ku. Da lissafina jibi Litinin za su shiga shafi na ashirin da takwas.