Ki Tako da Ƙafarki, Ikilima

Zuwa ga Ikilima, uwar 'ya'yana, sanyin idona, inuwar tsamiyata a tsakiyar bazara, ruwan randa ga wanda ya dawo daga gona.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya jiki, ya baƙunta? Ina fata gyambon ƙafar ya ƙarasa warkewa. Ki gaida autanmu Shitu da matarsa Zakiyya, Allah Ya yi musu albarka.

Tun da Shitu ya ɗauke ki daga Fulatan zuwa gidansa na Unguwar Hajji don ki kusanci asibiti, gidan nan ya yi mini yawa kamar rigar aro. Abinci sai dai in tura don dole. In na manta na kira sunanki, kaji ne ke ɗago kai su dube ni. Wayyo Ikilima! Ashe haka tsakar gida take da faɗi idan ba kya cikinta?

Kin tuna ranar da malamar asibiti ta ce bayan magani da kiyaye abinci, sai kin sa tsokar jikinki aiki, domin ita ke shanye sukarin da ke yawo a jini? A hanyar dawowa kika yi ta dariya a bayan babur, kina cewa, "Malam, da tsufana za a mai da ni 'yar dambe?" Amma muna isa kika sa na cika mana galan da yashi. Kullum bayan kokon safe mu ɗaga mu sauke. Mu zauna kan benci mu miƙe ba tare da dafa gwiwa ba. Mu tura bangon rumbu kamar muna da gaba da shi. Ni da ba ni da ciwon sukarin na riga ki haki, kika ce in koma in nemo samartakata inda na yar da ita. Maƙwabta na leƙe ta kan danga suna dariya, ko a jikinki. Sannu a hankali awon sukarinki ya sauko, har wata rana na ga kin sauke babbar tukunya daga murhu ba ki kira kowa ba. Wallahi ranar kin fi mini gonar da ta sha ruwan fari kyau!

Jiya ƙanwarki Hajo ta dawo daga duba ki da labarin da ya tsaya mini a rai. Ta ce ƙafa ta yi kyau, amma ko buta ba a bari ki ɗauka. An ajiye ki kan katifa ana lallaɓa ki, sai an kama hannunki kike tashi, sukarin kuma ya sake hawa. Na san ƙauna ce da ladabi, ba na ganin laifin yaran. Amma ya hasken raina, ina amfanin hutun da zai sa ƙafafunki su manta da ke?

Don Allah, ranar komawa asibiti ki tambayi likita a gaban Shitu, ya faɗa da bakinsa abin da ƙafar za ta iya ɗauka. In ya yarda, ki fara da kaɗan, gorar ruwa ma ta isa. Kada ki yi da yunwa, kada ki saki maganinki, in jiri ya zo ki zauna. In Zakiyya ta taso za ta karɓe, ki ce mata Baba ne ya roƙa.

Ni ma ban daina ba. Ina yi ni kaɗai kowace safiya, ba mai tsokanata, ba mai cewa na yi coge.

Da an gama cirar gyaɗa ina nan tafe in sha Allah. Kada ki bari a kawo mini ke zaure a rirriƙe, zuciyata ba za ta ɗauka ba. Ki tako da ƙafarki, ko da kina hutawa a hanya. Ba zan zauna ba sai kin iso.

Naki a ƙuruciya, naki a furfura, naki har ranar da za a miƙe ni,
Mijinki,
Mijinyawa