Jakin Gitar Sanusi

Zuwa ga maigidana na Kano, jikana Bala,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka, ina gajiyar aiki, yaya mamarka da yaran? Mu nan Zango sai godiya, amma ƙanenka Sanusi yana hannun jandarma tun ran Juma'a.

Ka san gitarsa ta lantarki da ta hana ni sakat. Ya ce ɗan ƙarfen da tsirkiya ke hawa kai, wai jaki, shi ke sa ta kuka kamar sauro. Ya feƙe ƙashin saniya ya sa, muryar ta dushe kamar tawa. Sai maƙeri ya ce tagulla ce magani, shashashan ya je ya tsinto kwanson harsashi cikin buhu aka narka masa aka yi sabon jaki. Gaskiya gitar ta yi daɗi, in ya taɓa sai amon ya yi ta tafiya, har ni na ɗan taka.

Ragowar kwanson ce aka gani a ɗakinsa, aka gaya wa delege, wato wakilin gwamnati na unguwa, ya kira jandarma. Suka ce yana tara makamai don yaƙar gwamnatinmu ta juyin juya hali.

Na ɗauki gitar da kaina zuwa komisariya, ofishin da suka tsare shi, na ce wa babbansu, yadda ake kiransu yanzu, "Kamarad, ga harsashin nan, taɓa ka ji." Ya taɓa, ya ce daɗi gare ta. Ya riƙe ta, bai nuna mini Sanusi ba.

Kada ka ba da amsa ta gidan waya, ana buɗewa. Ka sa malamai su yi addu'a, ka gaida kowa. Mamarka kuwa ka ce mata muna lafiya, har in gan shi da idona.

Kakarka,
Hajiya Kande